Minti Biyu Kafin Motar Ta Iso

Ni na saya wa Baba kyamarar, ni kuma na liƙa ta a hular kwanonsa, yana zaune yana mita wai na mai da shi ɗan leƙen asiri. Gyaran agogo yake yi, shekara talatin ke nan yana zuwa shago a kan keke ɗaya. Mutum ne da zai yafe maka komai ban da lattin minti biyar.

Dalilin sayen kyamarar wata farar mota ce mai raba kaya. Kusan kullum da safe sai ta matse shi a kwanar da ke bayan gada, direban yana danna oda kamar ubansa ne ya shimfiɗa titin. Sau biyu Baba yana dawowa yana ba da labarin cikin dariya. A na uku ya dawo da gwiwar hannu a ɗaye, wandonsa a yage, bai kuma ba da labarin komai ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san yadda ƙashin ɗan shekara sittin da biyar yake karyewa. Na wanke ciwon, na gaya masa cikin biyu a yi ɗaya: ko mu kai hoton wurin 'yan sanda, ko keken ya shiga sito. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce ya ji.

Ran da muka je, ashe ya riga ya shirya. Mai ɗaukar hoton da ke maƙwabtaka da shagonsa ya yanko masa wurin tsaf, daƙiƙa goma sha ɗaya, babu sauti. Ga motar, ga lambarta ɓaro-ɓaro, ga titi ya juye. 'Yar sandar da ke kan tebur ta kalla sau biyu, ta yi masa sannu, sannan ta ce ba sa karɓar yankakken hoto. Ka'idarsu sai an kawo shi ɗungurungum, minti biyu kafin abin da minti biyu bayansa, da sautinsa, don kada direba ya ce mai keken ne ya fara tsokana. Ta ba mu mako guda.

Baba ya ɗauki hularsa ya ce ya fasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. A hanya na yi ta faɗa, na ce ko dai shi ne ya keta jar fitila yake ɓoyewa, ko zagi ya ɗura wa direban. Da muka isa gida na tura keken sito na sa kwaɗo. Kwana uku yana zuwa shago a motar haya, ko agogon falo bai ƙara gyara wa zama ba.

A rana ta huɗu, da hantsi, ya ajiye ɗan katin kyamarar kusa da kofina.

"Ki fara kallo kafin su," ya ce, ya fita tsakar gida.

Na kunna. Titi ne, da ƙarar sarƙar keke, da numfashinsa. Sai muryarsa, a hankali, irin wadda rabona da jin ta tun kafin Inna ta rasu, shekara biyu da suka wuce. Da ita yake hira. Yana gaya mata maɓallin rigarsa ya cire, ya ɗinka da baƙin zare don bai ga farin ba. Wai an sare bishiyar nan ta gaban makaranta. Wai 'yarki ta gaji faɗanki kaf, amma ba ta karyawa da safe, shayi kawai take kurɓa a tsaye, na rasa yadda zan yi da ita.

Sai oda, sai ƙara, sai sama ta koma ƙasa. Ya daɗe yana nishi. Da ya miƙe ya kakkaɓe jikinsa, na ji ya ce, "Ba komai, ƙujewa ce kawai. Kar dai ki gaya wa yarinyar."

Na yi kuka sosai. A gidan nan bai taɓa ambatonta ba tun da aka share makoki, har ina jin haushinsa a kan haka. Ashe a kan keke yake yi, ni kuma na kulle keken.

Na ce masa mu bar maganar 'yan sanda. Ya ce a'a, ba shi kaɗai ke bin kwanar ba, kuma tunda na ji, sauran mutane ba sa ba shi kunya. Da muka koma da katin, 'yar sandar ta sa abin saurare a kunne ta kalla har ƙarshe. Ba ta ɗago ba, ta rubuta lambar motar, ta ce za a kira direban, za su kuma sanar da mu.

Washegari na fito da keken na goge masa ƙura. Kafin ya tafi na ja kujera na zauna, na ci burodi da ƙwai a gabansa, ban bar ko ɓurɓushi ba. Yana tsaye yana ɗaura igiyar hular kwano, yana kallon farantin.

"To madalla," ya ce. "Yau ina da labari mai daɗi da zan kai."