Lakar Coci a Ɗakin Nachisale

Tun ranar da dattawan coci suka karɓe farar rigar zumuntar mata daga hannun Nachisale, saboda 'yarta ta haihu ba aure, ba ta ƙara taka ƙofar cocin ba. Ba korarta aka yi ba. Bencin baya aka nuna mata, ita da ta tsufa a sahun gaba, sai ta ga gara ta yi zamanta a gida. Abin da ke cin ranta shi ne, a ganinta Allah yana can cikin ginin nan na jan bulo, ita da jaririyar kuwa an bar su a waje.

Asabar ta fi yi mata ciwo. Ranar ce mata ke ɗebo baƙar laka a fadama su shafe daɓen coci, su goge shi da dutse har ya yi sheƙi, kuma duk ƙauyen babu mai hannunta a wannan aiki.

Wata Asabar tana surfen masara, sai ga matan sun taho a jere da bokitai a ka. Suka wuce hanyar coci ko waiwaye babu, suka faɗo gidanta. Nangozo ce a gaba, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda bakinta bai san hutu ba.

"Kun ɓata hanya," in ji Nachisale.

"Ke kika ɓata. Matsa mana, uwar 'yan fushi. Dubi daɓenki, ko kaza ba ta yarda ta yi ƙwai a nan."

"Lakar ɗakin Allah ce fa, Nangozo."

"Mun sani, mu muka ɗebo. Gobe in an tashi sujada a nan za mu yi wa jikarki addu'a, mu kuwa ba ma yi wa Ubangiji waƙa a kan ƙura. Ke kin zaci bulo ya zo nema? A cikinmu yake zaune, mu kuma ga mu."

Nachisale ta tsaya riƙe da taɓarya, kunya da daɗi sun rufe ta. Matan suka durƙusa suka fara shafe, wata ta ɗauko waƙa. Nachisale ba ta iya jure kallo ba, don Nangozo ta yi shekara arba'in tana shafe a karkace.

"Ba ni dutsen nan," ta ce, tana share ido da gefen zane. "Haka za ki tarbi Ubangiji a gidana?"