Kunnen Gagara

A Yolde Pate babu mafaraucin da bai san karyata Gagara ba. A 2014, sati biyu da samunta, muka bi sojoji hanyar Mubi. Harbi ya ɓarke, karnuka suka watse, ita kuwa ta tsaya jikin ƙafata ko gezau. Da muka dawo na lura ba ta amsa kira, na ce ƙarar bindiga ce ta kashe mata kunne. Tun daga nan kowa jininta yake so, ni kuma ina raba 'ya'yanta ina hura hanci.

'Yata Latifa ce ta tono maganar. Likitar dabbobi ce a Jimeta, kuma taurin kaina ta ɗauko kaf. An kawo mata wani jikan Gagara da keke mai ƙafa uku ya take, duk da hon ɗin da aka yi ta danna masa. Sai ta shiga bin gidajen da na ba 'yan kwikwiyo, da murafen tukunya biyu a jaka. Ta laɓe bayan kare ta buga, ta ga ko kunne zai motsa. Cikin talatin da ɗaya, tara ba su ji ba, dukansu masu farin kai.

"Baba, waɗannan ba su je Mubi ba," in ji ta. "Na je Adarawo wurin Bappa Badamasi da ya ba ka ita. Ya ce uwarta ma sai an taɓa ta take juyowa. Gagara ba ta ji harbin nan ba."

Raina ya ɓaci, na yi kwana uku ban kula ta ba. Shekara goma ina cika baki da labarin nan. Amma na san abin da kurman kare kan jawo wa mutum a daji.

Ranar taron mafarauta na miƙe na faɗa da bakina cewa da kurumta aka haifi Gagara, na ce masu farin kai kada a ƙara haɗa su barbara. Aka yi mini dariya har da riƙe ciki. Jibrilla, abokin hamayyata, ya ce, "Ashe jarumar taka kurma ce. Wa ya gaya maka?"

"Likita," na ce. "Ni na haife ta."

Ban taɓa jin daɗin wata magana a bakina kamar wannan ba. Washegari da safe na buɗe ƙofa na tarar da Jibrilla tsaye da karnukansa huɗu, yana tambaya ko Dakta ta tashi.