Watan da Attahir Ya Gani

Inusa yana da wata 'yar matsala da shi kansa bai taɓa musu a kanta ba: idan aka ba shi mummunan labari ya kai, sai ya tsaya a hanya ya rage masa nauyi. Shi ya sa da baturiyar likitar ido ta kashe 'yar fitilarta, ta yi doguwar magana da Faransanci, sai ya juya ga maƙwabcinsa ya ce, "Ta ce aiki ya yi kyau."

Attahir na zaune a kan kujerar ƙarfe. Ya yarda an ture rawaninsa baya, amma amawalin da ya rufe bakinsa ko likitar ba ta isa ta taɓa ba.

"Bazabarme," ya ce, "matar ga ta yi magana awa mai wa'azi, kai ka kawo mini gutsure. Ina sauran? Ka cinye?"

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu a Tawa. Inusa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da gwamnati ta turo daga Doso, mutum mai tumbi da tabarau, wanda bai taɓa ganin jinjirin wata ba sai ya kwana uku. Attahir kuwa Buzu ne daga arewa. Fari ya cinye raƙumansa, ya shigo birni yana dillanci a kasuwar dabbobi. Tsakanin Zabarmawa da Buzaye akwai wasa, su biyun kuma sun riƙe shi kamar aikin gwamnati. Idon Attahir na hagu ƙaya ta ɗauke shi tun yana yaro. Na daman kuwa dukiyar unguwa ne. Kowace shekara shi ke fara hango watan azumi da na salla, Liman ba ya kunna rediyo sai ya ji daga gidansa.

Sai ciwon yana ya rufe idon cikin shekara guda. Attahir ya so ya je kasuwar Barmu wurin mai ture yana da allura, Inusa ya tare ƙofa da tumbinsa. Ya nace, ya yi ta nacewa, har ayarin likitocin ido ya sauka a garin bayan kaka. Lokacin rabin ma'aikatan gidan likita suna yajin aiki, lakwal ma a rufe take saboda yaji, sai malamin ya zama tafinta. Aka cire yanar. Yau aka kwance bandeji, Attahir ya dube shi ya ce ashe ya fi yadda ya tuna muni, Inusa ya ji kamar an ba shi lambar yabo. Sannan likitar ta haska cikin idon, ta daɗe tana kallo.

"Hwaɗi mini duka," in ji Attahir.

Inusa ya cire tabaraunsa ya goge, ya mayar. Ya faɗa. Yanar nan, in ji likita, ba irin ta tsufa ba ce. Labule ce kawai. A bayanta akwai wani baƙin tsiro, ciwon daji ne na cikin ido, an fi samunsa ga masu hasken fata. Shi ya haifar da yanar, yanar kuma ta ɓoye shi. Magani ɗaya ne, a tafi Yamai a cire idon gaba ɗaya, da sauri, kafin ciwon ya sauka hanta, idan ma bai riga ya sauka ba.

Abu ɗaya Inusa ya bari a hanya. Likitar ta ce tsiron zai riƙa sa shi ganin walƙiya, ko wani siririn haske a gefen ido, alhali babu komai. Wannan ya ga bai da amfani, ya haɗiye.

Attahir ya gyara rawaninsa a hankali.

"Tambaye ta. In an cire, ina rayuwa?"

"Ta ce watakila."

"In an bari, ina gani?"

"Ta ce na ɗan lokaci."

"To, ka ce mata na gode. Ta wanke mini taga, yanzu tana son ta rushe ɗakin. Mu tahi gida."

Inusa bai haƙura ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo taswirar jikin mutum daga lakwal ya nuna masa inda hanta take. Attahir ya sa sabon tabaraunsa mai kauri kamar gindin kwalba, ya dubi taswirar da kyau, ya ce wannan hantar Bazabarme ce, ta cika girma. Ya koma kasuwa. Ya riƙa tsayawa yana kallon abubuwan da ba a kallo: tsagar katanga, ƙafar tunkiya, fuskar matarsa Rakia, har ta ce ya daina, mutane na gani.

Kafin azumi ya kama, farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Cikinsa ya kumbura, sauran jikin ya bushe. Shi ya ga watan azumin, daga kan tabarma a tsakar gida, ya kuma ɗauki azumi tare da kowa. Azumin ya faɗo cikin bazara, lokacin da ko ƙadangaru suke neman inuwa.

A goman ƙarshe Rakia ta leƙo ta kan katanga.

"Malam, ka yi mishi magana. Jiya da la'asar ya some. Harshenai ya bushe awa fata. Ni ya daina jin tawa."

Inusa ya shiga da ƙarfinsa, har da aya a baki.

"Buzu, Allah ya ɗauke wa mara lafiya azumi. Kai ka fi Allah sanin doka?"

"Na san doka. Mara lahiya shi sha, shi rama in ya warke." Attahir ya ɗago kai. "Yaushe zan rama, Malam? Kai da ka ji Faransanci, hwaɗi mini."

Aka kira Liman Ahmed, ya zo ya zauna, ya yi bayani mai daɗi. Attahir ya saurara da ladabi, ya yi godiya, washegari ya tashi da azuminsa.

Ranar ashirin da tara sai da aka jiƙa masa rawani da ruwa kafin ya kai magariba. Ko kunun buɗa baki bai zauna ba. Inusa ya dube shi ya san abu ɗaya: mutumin nan ba zai iya ƙara wani yinin ba. Idan wata bai fito ba, gobe azumi ne, kuma Attahir zai yi shi ko da zai mutu da azahar.

Samarin unguwa sun hau rufin masallaci suna leƙen yamma. Attahir ya ce a jingina shi da turmi a tsakar gida. Rakia na bakin madafa. Inusa ya tsuguna kusa da shi, yana kallon sama da idon da bai taɓa yi masa amfani a wannan harka ba. Jan faɗuwar rana ya dushe. Daga rufin masallaci babu kabbara, babu ihu.

Can sai Attahir ya kama hannunsa.

"Ga shi."

"Ina?"

"Ga shi can, siriri awa zare. Bi yatsana, makaho."

Inusa ya bi yatsan da kallo. Babu komai. Ya tuna maganar likitar ta siririn haske, wadda ya haɗiye. Ya dubi amawalin da ya rufe leɓɓan da suka tsage.

"Ka gan shi?" in ji Attahir.

"Na gan shi."

"Kai? Rantse."

"Ba na rantsuwa don Buzu. Na ce na gani."

Attahir ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Yau Bazabarme ya ga wata. Lalle duniya ta zo ƙarshe. Tahi ka hwaɗa ma Liman."

Inusa ya tafi. Amma a gaban Liman bai rage komai ba, ya zube gaskiya duka, har da maganar likita. Liman Ahmed ya daɗe yana jan carbi.

"Shi dama babu azumi a kansa," ya ce. "Ko wata ya fito ko bai fito ba, ya sha ruwa. Ni ba zan sanar da komai ba. Amma kai, Malam, lafiyarka lau. In ka sha da gangan, kaffara ce. Wata biyu a jere, ko ka ciyar da miskinai sittin."

Ciyar da miskinai, a shekarar da malaman lakwal su ne miskinan. Inusa ya shafa tumbinsa kamar mai yi masa ta'aziyya, ya ce ai ba za a kai ga haka ba.

Aka kai ga haka. Da hantsi Rakia ta kira shi. Gari tsit, babu ganga, babu yara masu sabbin kaya. Attahir na zaune cikin babbar rigarsa mai shuni, an naɗa masa rawani, gabansa 'yar butar shayi a kan gawayi.

"Garinku na jiran rediyo," ya ce. "Mu da munka gani ba mu jira kowa. Zamna."

Ya ɗaga butar sama yadda ya saba, shayin ya zuba da kumfa. Bai kai nasa baki ba. Ya miƙa wa Inusa, ya tsura masa ido ta cikin gindin kwalbar nan. Idon da Inusa ya yi yaƙi aka wanke, yanzu ga shi garau a kansa, yana jiran ya ga maƙogwaro ya motsa.

"Ko dai ba ka gani ba?"

Inusa ya dubi ɗan kofin. Azumin wata biyu, cikin wannan zafin rana. Ya tuna ba ya iya kai azahar ba tare da ya yi wa matarsa faɗa ba. Ya yi bisimilla, ya kurɓa da ƙara yadda har maƙwabta za su ji.

"Sukari ya yi kaɗan," ya ce. "Buzu da rowa."

Attahir ya juya gefe, ya sassauta amawali, ya sha. Ya sha na biyu, ya sha ruwa, ya ci 'yar fura. Rakia ta shige ɗaki da sauri, ta daɗe ba ta fito ba.

Inusa ya koma gida yana jin kansa wani irin gwarzo, mai zunubi kuma mai lada, yana tsara yadda zai ba jikokinsa labarin. Bai gama tsarawa ba rediyon maƙwabta ya katse kiɗa. Sanarwa daga Yamai: an ga wata jiya a wani ƙauye can gabashin ƙasar, shaidu sun tabbata, labari ne ya makara a hanya. Yau salla. Kafin ya miƙe, ganga ta tashi, mata na ta guɗa, maza na gudu neman riguna. Kaffarar tasa ta narke tun bai fara ta ba, gwarzontakar ma haka. Ya ji haushi ƙwarai, ya kuma ji kunyar jin haushin.

Attahir bai je idi ba, amma idi ya zo masa. Mutane suka yi ta shigowa suna cewa sun ji tun jiya ya gani. Yana kwance yana amsa gaisuwa, yana nuna Inusa da haɓa: "Har wanga ya gani. Ku tambaye shi."

Bai kai ƙarshen satin ba. Ya rasu da safe, bayan Rakia ta ba shi ruwa. Inusa na cikin masu wanka. Shi ya cire masa tabarau, ya shafa idon ya rufe.

A zaman makoki, ƙarƙashin rumfar zana a ƙofar gida, zance ɗaya ake yi. Dillalan kasuwa suka ce idon Attahir bai taɓa kuskure ba, ko yana kan gargara ya riga rediyon gwamnati. Wani tsoho ya ce da ya bari an cire idon a Yamai, da wa zai ga watan? Liman Ahmed ya dubi Inusa, ya mayar da kai ga carbinsa. Aka ce Malam ya ba da labari, tunda shi ne shaida.

"Siriri ne," in ji Inusa. "Kamar zare."

Da la'asar ya shiga ya yi wa Rakia sallama. An share tsakar gidan, kaji na tono a gindin katanga. Ya tsaya daidai inda suka zauna ranar, ya ɗaga kai. Yamma, inda jinjirin wata ke fitowa, tana hagunsa, ta wajen masallaci. Inda Attahir ya miƙa yatsa kuwa arewa ne.