Fuskar Matar Darakta a Bakin Malafa

Jiya da dare wani mafarki ya ɗauke ni, kuma har yanzu raina bai huce ba. Na tsinci kaina a Koriya ta shekara sittin baya. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi sama, kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki.

Wani dattijo, Malam Ok Pil-gu, ya kama hannuna. Daraktan fim ne, fim talatin da biyu ya yi, ga Hausa a bakinsa tsaf.

"Ɗana, taya ni neman matata."

"Ɓata ta yi, Baba?"

"Ta rasu. Ba ta taɓa yarda an yi mata hoto ba, sai a fim ɗina na fari, ta gifta da tulu tana dariya. Can kaɗai fuskarta ta rage."

Sai ga mu a ofishin adana finafinai. Shugaban wani bunsuru ne mai tabarau, yana taunar zaren fim hankali kwance.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina finafinan bawan Allahn nan?"

Ya yi gyatsa. "Talatin da ɗaya mun adana su a ciki. Na farin ba gishiri, mun ba masu saƙar malafa su yi wa bakin malafa ado."

Ban san lokacin da na daki tebur ba. Aikin shekara ashirin fa! Bunsurun ya buga mini hatimi a goshi, ya ce in dawo shekaranjiya.

Sai ga mu a gonar shinkafa, manoma ba iyaka, an zagaye bakin kowace malafa da yankin fim. Tsoho na bi yana cirewa, yana ɗagawa ga rana. Nan ƙafar doki, can rabin taga. A ta ƙarshe ya sami tulun, da hannunta, da wuyanta. Fuskar kuwa babu.

Tsoho ya ce, "Wa ya yanke nan?"

Mai malafar ya ce, "Ya yi wa kaina yawa ne, na rage."

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai wani ƙaras-ƙaras ya tashe ni. Na leƙa taga. Zaren kaset ɗin bidiyo ne ƙanena Ɗantani ya ɗaura a kan tumatirinsa don korar tsuntsaye, iska na kaɗa shi. Ƙwanson kaset ɗin na yashe a bakin rijiya, da rubutuna a jiki: "Inna, dawowa daga Hajji." Shi kaɗai ne kaset ɗin da marigayiya Inna ta fito a ciki.