Injin da Ke Sa Baba Hutawa

"Ba zan mayar da shi haka ba, Baba."

Tsohon maƙwabcinmu ya dafa katangar da ta raba gidajenmu, yana leƙen injin yankan ciyawarsa da na baje a ƙofar garejinmu.

"Fulogi kawai na ce ki canza, Injiniya. Wa ya aike ki cikin hanjinsa?"

"Ba fulogi ba ne. Kwayil ɗin da ke ba shi wuta ne ya tsage. Da sanyi lafiya lau, da ya ɗau zafi sai wutar ta yi rauni, ya hau tari, ya mutu."

"To ai ni ma haka nake. Ƙyale mu, mun saba."

Na yi dariya, amma ban ƙyale ba. Tun da na gama karatu mazan layinmu ke cewa mace da sifana sai ɓarna, ina shanyewa. Baba ne kaɗai ya taɓa ba ni aiki. Ba zan yarda a ji injin da ya fito daga hannuna yana tari ba.

Ta tagar ɗakina na sha ganin yadda suke yi. Ya ɗan yi yanka, injin ya shaƙe, ya ce masa "Ragon banza!" Sai ya ja kujerar roba zuwa inuwa, matarsa, wadda duk muke kira Mama, ta kawo masa ruwa. Ba ya tashi sai ƙarfen ya huce.

Na sa sabon kwayil, na bar injin yana aiki har ya ƙi taɓuwa don zafi. Ko gezau. Da kaina na tura masa shi gida, a hankali, don masu zaman bakin titi su gani.

Washegari da rana ta take na ji ƙararsa. Babu tari, babu tsayawa. Na daɗe ina saurare, kaina na fasuwa. Can sai ihun Mama ya keto ƙarar.

Na tarar da Baba kwance a kan ciyawa, ɗan lungu kawai ya rage bai yanke ba. Injin ya tokare katanga yana ta ruri, don sai an saki mariƙinsa yake mutuwa, Baba kuwa kan ɗaure shi da tsumma saboda ciwon yatsu. Ni na kwance tsumman. Baba bai kai asibiti ba.

A zaman makoki Mama ta kama hannuna.

"Likita ya ce ya riƙa hutawa, ni ma na faɗa har na gaji. Ba ya jin ta kowa sai ta injin nan." Babu faɗa a muryarta. "Kin gyara shi da kyau, 'yata. Allah Ya yi miki albarka."

Gyarana babu aibu, har yau ja ɗaya injin ke tashi. Maƙwabcina kawai ya ci min.

Da na fito daga zaman makokin, kujerar robar na jingine a bango inda take kwana. Ranar ba a kai ta inuwa ba.