Hannun da Kaspar Ya Ɗaga

Anselm Vogtherr ya fi shekara talatin yana jera baƙaƙen dalma a ɗakin ƙasa na wani gida a unguwar Jamusawa ta Chicago, har yatsunsa suka rine, ba sabulun da ke fid da su. Jaridar da yake jerawa sunanta Der Holzwurm, wato tsutsar da ke cin katako, don a ganinsu kowane gadon sarauta katako ne. Shafi huɗu ce, tana fitowa ran Asabar, da Jamusanci zalla. Masu karanta ta kafintoci ne da masu gasa burodi da leburorin mayanka, mutanen da suka gudo daga zaluncin sarki suka faɗa hannun masu masana'antu. Maganarsu ɗaya ce kullum: ba sarki, ba gwamnati, ba ubangida.

A jaridar nan ba a sa suna a ƙarƙashin rubutu. Idan 'yan sanda suka faɗo suka ce wa ya rubuta kaza, sai kowa ya miƙe ya ce, "Ni ne." Har Frieda mai ninke jarida, wadda sai ta bi layi da yatsa take karatu, ita ma miƙewa take. To, wa za ka kama? A kwashe su a tsare kwana biyu, a gaji da ciyar da su, a sako su, su wuce gidan giya suna dariya.

Kaspar Lindenau, edita, shi ya ƙirƙiro wannan dabara. Jirgi ɗaya ya kawo su shi da Anselm, suna samari, takalmin kirki ɗaya gare su suna karɓa-karɓa. Kaspar baki gare shi kamar reza. Shi ya tara su ranar da aka kafa jaridar, suka ɗora hannu kan dutsen jera baƙaƙe, suka yi alkawarin ba wanda zai taɓa ɗaga hannu gaban alƙali ya nemi zama ɗan ƙasa. Wanda ya tsere wa ubangida, in ji Kaspar, ba ya zuwa ya yi layi don a ba shi sabo.

Anselm kuwa irin mutanen nan ne da in sun riƙe magana ko kare da ƙashi albarka. Matarsa Mathilde ta yi roƙo har ta gaji. Shekarar da ciwon ƙirji ya kama ta, ta ce masa, "Anselm, ka je ka yi, don 'yarmu Lene. Ɗaga hannu ne fa kawai, ba yanke shi za su yi ba." Sai ya gayyato Kaspar cin abinci. Kaspar ya zauna ya share kwano biyu na kabeji mai tsami da naman alade, ya goge gashin baki, ya yi mata huɗuba mai tsawo a kan mutunci. Ya ce yanzu ma sai mutum ya rantse shi ba mai ƙin hukuma ba ne kafin a karɓe shi, tana so mijinta ya tofa wa kansa yawu? Mathilde ta kwashe kwanuka tana hawaye, ba ta sake tayar da zancen ba har aka binne ta.

Bayan yaƙin duniya na farko gari ya yi zafi. Kowane Bajamushe abin zargi ne, balle mai jarida irin tasu. Aka yi doka cewa duk baƙon da ke ƙin hukuma a mayar da shi inda ya fito. Lene, wadda yanzu tana da 'ya'ya biyu, ta ce, "Baba, ka zauna a gida mana." Ya ce mata mu goma sha ɗaya ne, in za su kore mu sai sun yi hayar jirgi, kuma shi bai taɓa ganin hukumar da ba ta da rowa ba.

Wata Talata da hantsi suka shigo, 'yan sanda da wani jami'in shige da fice, siriri, mai tabarau. Ya ɗaga jaridar makon jiya, wadda ta kira sojoji su ajiye bindiga su bi bayan masu yajin aiki.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne," in ji Kaspar, ya miƙe.

"Ni ne," in ji Anselm.

Ɗaya bayan ɗaya kujeru suka yi ƙara kowa na miƙewa, har Frieda. Anselm ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya ce a ransa, ga su nan, tsofaffi, wasu ba haƙori, amma ko ɗaya bai zauna ba.

Jami'in ko a jikinsa. Ya cire tabarau ya goge.

"Madalla. To, duk ɗan ƙasa a cikinku ya ɗaga hannu."

Anselm ya yi dariya. Ya juya don ya ga yadda Kaspar zai wanke mutumin nan tas, don irin wannan tambaya ce abincinsa. Sai ya ga Kaspar yana kallon ƙasa. Can bayan injin bugawa hannu ɗaya ya tashi. Sai na mai sayar da jarida. Sai na Frieda. Hannun Kaspar ne na ƙarshe, ya tashi a hankali, iya kafaɗa, kamar mai jin ciwon gwiwar hannu.

Ashe kowa ya ga gemun maƙwabci ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, a ɓoye, ba wanda ya ce wa Anselm ga tulu. Kowannensu ya je gaban alƙali ya rantse shi ba mai ƙin hukuma ba ne, ya dawo ya ci gaba da rera waƙar juyin juya hali da ƙarfi fiye da kowa. Kai, mutum mugun icce ne.

Jami'in ya sa kowa ya zauna, ya matso kusa da Anselm ya rage murya. Ya ce 'yan ƙasa sai da hujja ake kai su kotu, shi kuwa baƙo ba ya buƙatar kotu, jirgi kawai.

"Amma kai ne mai jera baƙaƙe, tsoho. Ka san rubutun hannun kowa. Faɗa mini wanda ya rubuta, in ga abin da zan iya yi maka. Na ji kana da jikoki."

Anselm ya sani sarai. Ko a mafarki zai gane wannan rubutu na Kaspar mai karkata kamar shinge bayan iska, ya shekara talatin yana gyara masa kurakurai. Ya tuna Lene. Ya tuna kabarin Mathilde, wanda yake sharewa duk Lahadi. A Jamus ba shi da kowa, ko wanda zai ce masa sannu da zuwa.

"Na sake tambaya," in ji jami'in, yanzu da ƙarfi don kowa ya ji. "Wa ya rubuta?"

"Ni ne," in ji Anselm.

Ya tsaya ya saurara. Ya ba su lokaci, har ya ji kunyar tsawon lokacin. Ba kujerar da ta motsa, ba bakin da ya buɗe. Ana jin keken doki yana wucewa a titi.

Ranar da za a sa shi da sauran baƙin da aka kora a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, aka bar dangi su yi sallama a tasha. Lene ta kawo masa babbar riga da safa, ta yi kuka har muryarta ta dishe. Can sai ga Kaspar, da burodi baƙi a naɗe cikin takarda.

"Kwamared," ya ce.

"Wace shekara ka yi rantsuwar?" in ji Anselm.

"Anselm, ka gane, ina da shago a lokacin, ga yara, ga..."

"Wace shekara, Kaspar?"

"Shekarar da Mathilde ta kwanta."

"Kafin ka ci kabejinta ko bayan ka ci?"

Kaspar ya kau da kai, hakan kuwa ya isa amsa. Sai ya kama zuba. Ya ce ba su gaya masa ba ne don suna girmama shi. Ya ce kowa in ya gan shi sai ya ji abin nan da gaske ne, dole a samu mutum ɗaya mai tsabta a cikinsu. Ya ce ran Asabar shafin farko nasa ne gaba ɗaya, da sunansa da manyan baƙaƙe, duk Chicago za ta san wane ne Anselm Vogtherr.

"Ba a sa suna a jaridarmu," in ji Anselm.

Aka busa usur. Kaspar ya mayar da burodin hannun hagu, ya miƙo na dama, idonsa ya kawo ruwa. Anselm ya daɗe yana kallon hannun, fari, mai taushi, ko ɗigon tawada babu.

"Wannan ne ka ɗaga musu?"

"Haba, ɗan'uwa."

"Riƙe abinka, ai nasu ne."

Anselm ya sumbaci Lene a goshi, ya ce ta riƙa kai wa uwarta furanni ran Lahadi, ta kuma gaya mata ita ce mai gaskiya. Sannan ya ɗauki ƙullin kayansa ya bi ɗan sandan da ke tsaronsu.