Sunaye Arba'in da Uku

Kalma ɗaya ce ta jefa ni cikin wannan abin kunya, kuma da bakina na faɗe ta, don haka babu wanda zan ɗora wa laifi. Ni Constance da mijina Yashim mun yi shekara huɗu da aure ba mu taɓa barin Beltsville, garin da muke zaune a Amurka, mun kwana wani wuri don jin daɗi ba. Ni ina aikin nas a asibiti, shi kuma yana gaban kwamfuta har idonsa ya yi ja. Da mahaifiyarsa Mama Selina ta zo daga Zonkwa ta zauna mana da 'yarmu Abby, sai muka ce to ga dama ta samu, bari mu tafi tsibiran Girka na kwana tara, mu riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan a jirgin ruwa.

Sai dai wa zai faɗa wa Mama? Yashim ya ce ai ni ce mai iya magana, wato dai ya zame ya bar ni da ita. Ni kuwa tsoron matar nan nake ji. Ba ta taɓa yi min tsawa ba, amma tana da wani kallo ta saman gilashi da ke sa mutum ya tuna duk abin da bai yi ba tun safe. Ta yaya zan tsaya gabanta in ce za mu bar mata yarinya 'yar wata goma sha huɗu mu tafi wanka a teku? Sai na lalubo kalma mai mutunci, na ce, "Mama, za mu ɗan kai ziyara ƙasar Girka."

Na manta Mama ta je Urushalima shekarun baya, har gobe ba ta rubuta sunanta ba tare da ta liƙa JP, lambar wanda ya kai ziyara can, a baya ba. A wurinta ziyara ma'ana ɗaya gare ta, zuwa wuri mai tsarki. Ta ajiye cokalin kunun Abby ta ce Yashim ya nuna mata taswira a waya. Tana bin tsibiran da yatsa har ta tsaya a kan Patmos, wanda mu muka sani da Batmusa tun muna yara a coci, mai kogon nan da aka ga wahayi a ciki. Fuskarta ta haskaka yadda ban taɓa gani ba. Na dubi Yashim ya gyara zancen, shi kuma ya dubi firij.

Kafin la'asar labari ya isa Zonkwa. Matan Zumunta na cocinsu suka yi kwana uku suna turo mata saƙon murya, ita kuma tana zaune a teburin cin abinci tana rubutawa a wata takarda mai ruwan ƙwai. Ranar tafiya ta ƙulle takardar a farin hankici ta danƙa min, ba ɗanta ba, wai shi ko makullin motarsa ba ya iya riƙewa.

"Sunaye arba'in da uku ne," in ji ta. "Ki shiga kogon, ki ambaci kowa da damuwarsa. Ko a zuciya ma ya isa."

Na karɓa da hannu biyu har da ɗan rusunawa, na tura shi aljihun cikin akwati. Kusa da shi akwai kayan iyon da na saya a ɓoye.

Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba, na ji har na kai inda ba a tuna gida. A Rhodes muka fara, muka yi ta yawo cikin lungunan tsohon gari. Muka haye Symi, inda gidaje masu launi-launi suka hau kan dutse suna leƙen ruwa, aka kawo mana 'yan ƙananan jatan lande soyayyu da ake ci har da kai. Yashim ya ce wannan ai abin da muke dakawa a miya ne aka tsawwala wa kuɗi, amma shi ya cinye faranti biyu, sannan ya mayar wa teku da su a hanyar Kos. A Kos muka hau keke, na faɗi a gaban wasu tsofaffin Jamusawa. Kullum da rana ina cikin ruwa.

Hotuna kuwa kashi biyu muke ɗauka. Duk inda muka ga ƙaramar majami'a, kuma ba su da iyaka a can, sai in zaro ɗankwali daga jaka in ɗaura, in saita fuska, Yashim ya ɗauka mu tura wa Mama. Ita kuma ta maido da amin sau uku. Sauran hotunan suna wata ma'ajiya a wayata. A lokacin dariya muke yi, yanzu ko buɗe su ba na iya yi.

Leros ne zangonmu na ƙarshe, daga nan Batmusa ba ta da nisa, mun ware mata rana guda. Da safe matar masaukinmu ta ce yau iska ta kwanta, akwai ƙaramin jirgi da zai kai mutane wasu 'yan tsibirai masu farin yashi, irin ranar nan ba kullum ake samu ba. Yashim, a yi masa adalci, ya ce mu je mu sauke nauyin Mama. Ni ce na ce ai Allah yana ji ko'ina, zan karanta sunayen a cikin jirgi. Har wani wa'azi na yi masa a kai. Ko hankicin ban ɗauko daga akwati ba. Muna kan ruwa mai jirgin ya nuna wani tudu can nesa ya ce ga Patmos. Na kalla, na juya na ci gaba da shafa mai a kafaɗa.

Ranar Juma'a muka sauka a filin jirgin Dulles. Na jibge wa Mama tsaraba, man zaitun da sabulu da wani gicciyen katako da na saya a filin jirgin Athens ina gudu. Ba ta ko dube su ba, tambaya ɗaya ta yi, ko mun kai.

Na ce, "Mun kai, Mama."

Ta rangaɗa guɗa har Abby ta firgita, ta ɗauki waya ta shaida wa matan Zonkwa cewa an kai. Ina tsaye ina jin amsoshinsu suna shigowa, wata tana kuka tana sa min albarka.

Washegari na tafi aiki ban kwance akwati ba, Mama kuwa ba ta iya ganin kayan datti ta bar su. Da na dawo na leƙa ɗakin wanki, sai ga kayan iyona an wanke an ninke a kan injin busarwa. A bisansu ga farin hankicin, ƙullinta na nan yadda ta yi shi, ba a taɓa kwancewa ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige ba sallama. Na fito na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, har ta tambaye ni ya aiki.

Ranar Lahadi muka tafi sujadar Hausa a Takoma Park. Da fasto ya tambaya ko akwai mai ba da shaida, Mama ta miƙe cikin zanen Zumunta, ni kuma na fara neman ƙofa da ido. Ta ce tana godiya ga Allah 'ya'yanta sun ƙetare ruwa sun dawo lafiya. Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta zauna. Da ta tona ni a gaban jama'a da ya fi min sauƙi.

Bayan mun ci abinci ta ce Yashim ya fita da Abby shan iska. Ya fita da sauri irin na wanda aka yi wa afuwa. Ta ɗauko hankicin ta ajiye a tebur.

"Na ce wa matan nan an kai," in ji ta. "Ni ban saba yi musu ƙarya ba. Zo mu kai daga nan."

Na fara cewa Mama ki yi haƙuri, ta ɗaga min hannu. Ta dafa kujera ta durƙusa a kan kafet da gwiwoyinta masu ciwo, na durƙusa kusa da ita, na kwance ƙullin. Ta ce in karanta da ƙarfi tunda nan babu Turawa.

Na karanta. Ladi Bature, mijinta ya shanye gefe guda. Saratu, ɗanta wata biyar ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba. Mama Kande, idonta. Rifkatu, shekara tara babu haihuwa. Duk sunan da na kira sai ta ce amin, ni kuma in tuna inda nake kwance a kan yashi lokacin da matar take jiran a ambace ta. Wasu na san su, sun yi rawa a bikina. Har na wuce na ashirin Mama ba ta ce in huta ba, ban kuma nema ba.

Na arba'in da uku yana can ƙasan takardar, an matse rubutun don wuri ya ƙare. Na gan shi na yi shiru. Ta ce in karanta mana, ai shi ma suna ne.

"Constance, 'yata," na karanta. "Allah ya cire mata tsorona."

Mama ta ce amin. Sannan ta miƙo min hannu ta ce in taimaka mata ta tashi, gwiwar ta riƙe.